Tseren mota a kan taswirar Yamai

A daren da na fara tuƙa mota a cikin Yamai ɗin da na gina a kwamfuta, na taso daga bakin gadar Kennedy da niyyar ƙetarewa zuwa Harobanda, sai na ga titi ya sunkuya a gabana kamar raƙumin da zai durƙusa. Motar ta gangara sannu a hankali har ta nutse a kogin Isa, ta ci gaba da gudunta a ƙarƙashin ruwa kamar babu abin da ya faru, sannan ta hauro a ɗaya gaɓar ta nufi wajen jami'a. Ƙanena, wanda ya daɗe yana jiran wannan rana, ya yi dariya har ya kwanta a kan tabarma, ya ce, "Yaya, ai dorina ka ƙera, ba mota ba." Ban ji haushinsa ba, domin a daren ne na gane girman abin da na ɗauko wa kaina, aikin da na zaci na wata ɗaya ne, ga shi yanzu ya shiga shekara ta biyu.

A Tawa na girma, kuma kamar yawancin sa'o'ina na kashe ƴan kuɗin da nake samu a ɗakunan wasan da ake biyan dala biyar ko goma a ba ka ka buga na ɗan lokaci. Wasan tseren mota ya fi kowanne shiga raina, amma kullum a garuruwan mutane ake tseren, ko biranen Amurka, ko tsaunukan Turai, ko titunan Japan masu fitilu. Da na zo Yamai karatu na koyi rubuta manhaja, sai tsohon tunanin ya dawo mini, na ce me zai hana a yi tsere a garin da ɗan wasa ya san kwanar da ke gabansa tun kafin ya hango ta. Manyan kamfanoni kan ɗauki ɗaruruwan ma'aikata su zana gari gida-gida, ni kuwa ba ni da komai sai tsohuwar kwamfuta da ƙane mai yawan dariya. Hanya ɗaya ta rage mini, ita ce in nemo taswirar da wasu suka riga suka zana, in rubuta manhajar da za ta mayar da ita tituna da gine-gine da kanta.

Taswirar Google ba ta ɗaukuwa, domin sharuɗɗanta sun hana a kwashi bayananta a gina wani abu dabam da su. Wadda ta dace da talaka irina ita ce OpenStreetMap, wadda wani ɗan Ingila mai suna Steve Coast ya fara a 2004, kowa na iya sa hannu a zanenta, kowa kuma na iya saukar da ita kyauta matuƙar zai faɗi inda ya samo ta. Masu aikin sa kai ne suke zana ta, wasu suna bin hotunan tauraron ɗan adam daga ƙasashe masu nisa, wasu kuma matasan nan gida ne da suke yawo unguwa-unguwa da salula a hannu. Wani kamfanin Jamus da ake kira Geofabrik yana yanka ta ƙasa-ƙasa yana sabuntawa kullum, don haka na jira tsakar dare, lokacin da intanet ke sakin jiki, na saukar da fayil ɗin Nijar baki ɗaya, sannan na yanko Yamai daga cikinsa, tun daga Gudel har Saga, tun daga filin jirgin sama na Diori Hamani har duwatsun da ke bayan Harobanda.

Wanda bai taɓa buɗe irin wannan fayil ba yakan ɗauka hoto ne a ciki, alhali babu hoto ko ɗaya. Abin da ke ciki ɗigo ne birjik, kowanne da lambobi biyu masu faɗin matsayinsa a doron ƙasa. Sai zaruruwa, wato ɗigon da aka jera ɗaya bayan ɗaya. Sai laƙabobin da aka maƙala wa kowane zare don a san ko mene ne shi. Laƙabi ne ke cewa wannan zaren babban titi ne, wancan lungun unguwa ne, wannan gada ce, wancan kuwa hanya ce da ake bi ba a dawowa ta cikinta. Idan zare ya zagayo ya haɗe da farkonsa, yana iya zama gini, ko fili, ko shataletale. Titin Mali Bero, duk girman nan nasa, a cikin fayil ɗin zare ne siriri da ba shi da kauri ko na gashi. Akwai gurbin rubuta faɗin titi da yawan layukansa, amma a mafi yawan titunan da na duba an bar gurbin fanko, sai na riƙa ƙaddarawa da kaina, in ba titi mai layi biyu mita 7, in ba lungu abin da idona ya saba gani.

Matsala ta farko ta lissafi ce. Lambobin ɗigon digiri ne na latitud da lonjitud, injin wasa kuwa, wato manhajar da ake gina wasa a kanta, mita kawai ya sani. Yamai tana wajen digiri 13.5 arewa da 2.1 gabas, kuma a nan digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne, amma daga yamma zuwa gabas kusan 108 ne, saboda layukan lonjitud suna matsowa kusa da juna gwargwadon nisan da aka yi daga layin da ya raba duniya biyu. Bambancin bai taka kara ya karya ba, amma wanda ya yi watsi da shi zai ga shataletalensa ya ɗan miƙe kamar ƙwai. Na juya komai zuwa tsarin awo na UTM mai ƙirga da mita, shiyya ta 31, wadda Yamai da Tawa duk suke ciki, sai na fita daga wannan ramin na faɗa wani. A wannan tsarin daga layin da ya raba duniya biyu ake ƙirgo nisa, don haka kowane ɗigo na Yamai yana ɗauke da lamba mai kusan mita miliyan ɗaya da rabi. Injin Godot da nake aiki da shi yana ajiye matsayin abubuwa a lambobi masu bit 32, waɗanda ba sa riƙe fiye da alƙaluma bakwai daidai, kuma idan lamba ta kai wannan girman ba sa iya bambance tazarar da ba ta kai santimita 12 da rabi ba. Sakamakon shi ne mota tana tsaye amma tana karkarwa kamar mai masassara, tayoyinta suna nutsewa a kwalta suna fitowa. Kwana uku na yi ina zargin taya da birki, ina sauya lambobin da ba su da laifi, kafin in gano cewa maganin layi ɗaya ne tak. Na mayar da bakin gadar Kennedy ya zama sifili, aka riƙa ƙirga komai daga nan, lambobin suka ƙanƙance, karkarwar ta tsaya cak.

Mayar da zare ya zama titi bai yi wuya ba, domin aunawa ne rabin faɗi ta dama, rabi ta hagu, a cike tsakani da ƴan alwatika. Sai dai mai zanen taswira yakan sa ɗigo huɗu ko biyar a kwanar da ta kamata ta lanƙwasa sumul, kuma hakan ya ishi mai kallo daga sama, amma a ƙarƙashin tayar da ke gudun kilomita 120 a awa kowane ɗigo gwiwa ce mai fizgar sitiyari. Wannan na magance shi da lissafin da ke ratsa ɗigon da lanƙwasa mai laushi. Mahaɗar tituna ce ta cinye mini watanni. Inda tituna huɗu ko biyar suka gamu, kowanne yakan zo da shimfiɗarsa ta hau kan ta ɗan'uwansa, mota ta taka ta yi tsalle kamar akuya. Dole ne a yanke kowane titi kafin ya iso, a zana wa mahaɗar filinta guda, sannan a ɗinke bakunan kamar yadda tela ke haɗa hannun riga da jikinta. Har yau akwai mahaɗu a kewayen kasuwar Katako da manhajar ta kasa ɗinkewa, sai da hannu na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Dorinar ƙanena kuwa daga wani wuri dabam ta fito. OpenStreetMap ba ta faɗin tudu da kwari, a shimfiɗe take kamar tabarma, alhali duk wanda mai ya taɓa ƙare masa ya tura moto daga bakin kogi zuwa unguwar Plateau ya san Yamai ba haka take ba. Gaɓar hagu, inda Plateau take, tudu ce da ta ɗara ta Harobanda da kimanin mita 30, ga kuma kwarin Gunti Yena da ya tsaga garin ya gangara kogi. Tsayin ƙasa na ɗauko shi daga awon SRTM, wanda kumbon Endeavour na Amurka ya yi da na'urar rada cikin kwana 11 a watan Fabrairun 2000, aka kuma saki mai kyansa na Afirka a 2014, inda kowane murabba'i mai faɗin kusan mita 30 yake da lambar tsayi ɗaya. Na ɗauki titunana na shimfiɗa su a kan wannan awo kamar yadda ake shimfiɗa zane a kan gado. Gadar ba ta kai faɗin murabba'i ɗaya ba, don haka abin da awon ya riƙe a wurin tsayin ruwa ne, titin kuwa ya bi umarnin da na ba shi ya sauka har ƙasa. Gyaran shi ne duk zaren da ke ɗauke da laƙabin gada manhajar ta daina tambayar ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ta ɗauki tsayin bakinsa na farko da na ƙarshe ta miƙa tsakaninsu. Gada ta biyu, ta abotar Sin da Nijar da aka buɗe a 2011, da ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché da aka buɗe a 2021, ko tubalinsu ba a aza ba lokacin da kumbon ya wuce ta samanmu, don haka su ma da wannan dabarar suka tsaya a kan ruwa.

Awon yana da wasu halaye guda biyu da sai an yi haƙuri da su. Rada ba ta bambance ƙasa da kan bishiya ko rufin gini, kuma cikakkun mitoci kawai awon yake bayarwa, babu rabi babu kwata, don haka gangara mai laushi takan fito kamar matakalar bene, titin da ke da inuwar itatuwa kuma ya yi ƙusumbi. Na sa manhajar ta riƙa daidaita tsayin kowane titi a tsawon mita 200, sannan ta gyara ƙasar gefensa ta bi shi. Gadojin sama su ma da nasu, irin ta Mali Bero ta 2013 da ta Diori Hamani ta 2018, domin taswira tana cewa wannan titin yana saman wancan, amma ba ta faɗin da mita nawa. Na ba kowane hawa mita 6, sannan wata yamma na je na tsaya a ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu ina kallon manyan motoci suna wucewa, na ga ban yi nisa da gaskiya ba.

Da tituna suka zauna sai na tayar da gine-gine, kowane zanen gini na ja shi sama mita 3 ko 4, tun da kaɗan ne aka rubuta yawan benensu. Gari ya tashi, amma ba Yamai ba ce, wasu fararen akwatuna ne a warwatse cikin fili. Na daɗe ina kallonsu kafin in gane abin da ya ɓace. Mai zane daga hoton sama rufi yake gani, mai tafiya a titi kuwa katanga yake gani. Unguwanninmu katanga ne da ƙyauren ƙarfe, da dogon yaro a ƙofar gida, da rumfar mai shayi, da bencin ƴan fada, kuma kusan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a taswira. Sai na sa manhajar ta ja katanga mai tsayin mita 2 a gefen kowane lungu, ta sa ƙyaure shuɗi ko kore ko ruwan ƙasa bayan kowane mita 15 zuwa 20, ta dasa bishiya nan da can, ta jefa rumfa a bakin mahaɗa. Duk ƙagen lissafi ne, babu ƙyauren da ke daidai inda yake a zahiri, amma ranar da ƙanena ya gani bai yi dariya ba, ya ce yanzu ya ji kamar zai ga wani da ya sani.

Ƙanin mahaifiyata ya shekara sama da ashirin yana tuƙa taksi a Yamai, irin farar nan mai jan kai. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya biyo ta gidanmu, na ce bari in nuna masa. Motocin da kwamfuta ke tuƙawa suna neman hanyarsu ne da dabarar da Edsger Dijkstra, masanin lissafi ɗan Holan, ya wallafa a 1959, wadda ke fitar da mafi gajartar hanya tsakanin wurare biyu, kuma ina alfahari da yadda na ɗora ta. Na jera su daga kasuwar Wadata zuwa cikin Talaje, na sake su. Ba su yi nisa ba suka bar kwalta suka kutsa wani lungu a guje.

"Tsaya, tsaya," in ji shi. "Ina waɗannan za su?"

"Kawu, hanyar da ta fi kusa suka bi."

"Kusa a takarda dai. Ɗana, wannan lungun ko amalanken jaki sai an taya shi turi. Rairayi ne zalla, da damina kuma tafki ne. Wanda ya bar gudron ya shiga nan da mota, sai ya biya yaran unguwa sun fitar da shi."

Na buɗe bayanan lungun na duba, ashe babu laƙabin da ke faɗin irin shimfiɗarsa, ni kuma na sa manhajar ta ɗauki duk titin da ba a ce komai a kansa ba a matsayin kwalta. Wannan zato ne na mutumin da ya koyi sana'a daga darussan da aka rubuta a garuruwan da kwalta ce asali. A Yamai rairayi ne asali, kwalta ce baƙuwa. A daren na juya ƙa'idar, duk lungun da ba a faɗi shimfiɗarsa ba ya koma rairayi, sannan na raba ƙasa gida huɗu: kwalta, daɓen bulo, jar ƙasa mai gargada, da rairayi. Na ba kwalta cikakken riƙon taya, jar ƙasa kashi bakwai cikin goma, rairayi rabi, na kuma sa rairayin ya riƙa shan gudun mota, ta yadda wanda ya saki totur a tsakiyarsa zai kafe. Ban yi wannan gyara don daɗin wasa ba, don gudun kunyar kawu na yi shi, amma shi ne ya ba wasan ransa. Kafin nan tseren danna totur ne kawai, wanda ya fi riƙe sitiyari ya ci. Bayan nan kowace mahaɗa ta zama tambaya, ko ka bi kwalta ka zagaya, ko ka yanke ta lungu ka yi caca da rairayi, kuma wannan ita ce tambayar da kowane direban garin nan yake amsawa sau ɗari a wuni.

Daga nan muka ƙulla yarjejeniya. Duk Asabar da safe ina zuba masa mai, in zauna a gaba da salula, yana aikinsa na ɗaukar fasinja ina nawa. Akwai wata manhajar Android mai suna StreetComplete da ke nuna maka titin da kake kai ta yi maka tambaya mai sauƙi, kamar wace irin shimfiɗa ce a nan, ko akwai fitila, ka amsa ta aika kai tsaye cikin OpenStreetMap. Washegari amsar ta shiga fayil ɗin Geofabrik, in saukar, in sake gina garin, lungun ya sauya a cikin wasa. Fasinjoji kan tambaya ko ni ma'aikacin magajin gari ne, wata tsohuwa ma ta riƙe ni da ƙorafin magudanar unguwarsu tun daga Bukoki har babbar kasuwa, ban samu zarafin gaya mata cewa wasan yara nake yi ba.

A nan akwai jarabawar da ya kamata duk mai irin wannan aiki ya sani. Akwai wani lungu a Yantala wanda da ya zarce da mita 40 kacal, da ya ba ni zagaye mafi kyau a duk garin, amma katangar wani gida ta toshe shi. Ɗigo biyu zan ƙara a taswira, babu mai hana ni. An taɓa yin irin haka da yawa, domin bayan wasan Pokémon Go ya koma amfani da OpenStreetMap a ƙarshen 2017, wasu ƴan wasa sun riƙa zana lambunan ƙarya a ƙofar gidajensu don wasan ya kawo musu abin da suke so, masu aikin sa kai suka sha wahalar sharewa. Taswirar nan ba tawa ba ce ni kaɗai, da ita masu aikin agaji da masu nazarin ambaliya suke aiki, kuma wanda ya ga yadda kogi ya shiga unguwannin Harobanda a daminar 2020 ba zai so a aika wani ta hanyar da babu ita ba. Saboda haka na raba fayil biyu. Abin da na gani da idona yana shiga taswirar kowa, abin da na ƙaga don wasa yana zama a nawa, lungun Yantala kuma na bar shi a toshe har a cikin wasan.

Sunaye ma a fayil ɗina suke. A hukumance lungunan Yamai suna da haruffa da lambobi, YN na Yantala, KK na Kwara Kano, da sauransu, kuma su ne a taswira, amma ban taɓa jin wanda ya tare taksi ya faɗi irin wannan ba. Mutane shataletalen Gadafawa suke cewa, ko Shato 8, ko bayan filin wasa, ko gaban gidan mai kaza. Allunan cikin wasan waɗannan sunayen suke ɗauke da su, kuma daga bakin kawu na kwashi mafi yawansu. Manyan titunan kuwa na bar su suna bin taswira, shi ya sa da aka sauya wasu sunaye a watan Oktoban 2024, titin de Gaulle ya koma na Djibo Bakary, ban taɓa komai a manhajar ba, na jira aka gyara a taswira na sake saukarwa.

Akwai wata gaskiya da ban so amincewa da ita ba, wato gari na zahiri ba don tsere aka tsara shi ba. Manyan titunanmu miƙaƙƙu ne, sai ka yi minti biyu ba ka juya sitiyari ba, gadar Kennedy kuma, wadda aka buɗe a 1970 mai tsawon mita 710, da gudun kilomita 120 a awa daƙiƙa 21 ce ta ƙare. Manyan kamfanoni sukan matse gari, su yar da unguwanni, su lanƙwasa titin da yake miƙe. Ni na ƙi, domin idan na matse Yamai na kashe dalilin da ya sa na fara, wanda ya san garin ba zai ƙara amfana da saninsa ba. Abin da na yi shi ne zaɓen zagaye da kyau da kuma cika titi da abin da ke cikinsa. Zagayen da ya fi karɓuwa a fadarmu yana tashi daga gadar Kennedy, ya ratsa Harobanda, ya dawo ta gada ta biyu, ya biyo bakin kogi ta Gamkalle. A kan hanyar akwai faba-faba mai tsayawa ba sanarwa, da amalanke, da ƴan moto masu fitowa ta inda ba a zata ba, da raƙumi ɗauke da zana a tsakiyar gada, wanda ƙanena ya nace sai an sa shi, kuma ya yi gaskiya.

Kawu bai yarda da komai ba. Ya ce mini, "Kana koya wa yara gudu a titin da suke bi zuwa makaranta," ya kuma tuna mini abin da samari ke yi da motoci a rakiyar amarya. Na sa duk wanda ya taɓa mai tafiya a ƙasa tserensa ya ƙare nan take, babu maki babu ci gaba, na kuma ƙara wani salon wasa na taksi, inda ake cin maki da kai fasinja lafiya, a rage wa wanda ya girgiza su. Ya ce wannan ya fi, amma bai ce ya gamsu ba, ni ma ban matsa ba, domin maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Barikoki da fadar shugaban ƙasa da makamantansu kuwa tun farko na cire su, katanga ce kawai a wurin, kuma babu zagayen da ke bi ta gabansu.

Sauran aikin na sa wasan ya shiga ƙaramar salula ne, tun da ita ce a hannun mutanenmu. Na yanka garin murabba'i-murabba'i na mita 250, salular tana ɗauko waɗanda ke kusa da mota tana sauke na baya. Don kada a ga gine-gine suna tsirowa daga nesa, na rufe sararin da hazon hunturu, wanda ya zo daidai, domin babu ɗan Yamai da zai ga hazo ya ce an yi ƙarya. A allon farko kuma akwai rubutun da ke cewa bayanan na masu zana OpenStreetMap ne, kamar yadda lasisin ODbL da suke kai tun 2012 ya wajabta.

Makon jiya na miƙa wa kawu salular ya tuƙa da kansa a karon farko. Ya riƙe ta nesa da fuskarsa kamar mai karanta wasiƙa, ya zaɓi farar taksi, ya bi kwalta a natse, ƙanena ya wuce shi tun a gada yana ihu. Da suka shiga Gamkalle, a wani miƙaƙƙen wuri da babu komai a gabansa, sai kawu ya taka birki ya kusa tsayawa, sannan ya ci gaba. Na ce, "Kawu, me ka gani?" Ya ce, "Tudun rage gudu mana, nan gaban makarantar. Guda biyu ne ma, na biyun ya fi tsini." Na duba taswira babu su, na duba fayil ɗina babu su. Na rubuta wurin a bayan hannuna da biro, muka yi da shi ranar Asabar zai biyo ta nan da ni kafin ya fara ɗaukar fasinja.